Sharhi kan kit ɗin mayar da burkin baya disk a tsohuwar Kabris

Ga masu tambayata a kan kit ɗin nan da na ɗaura wa Chevrolet Caprice ɗita ƙirar 1984, wadda mutanen nan Jidda ke ce wa Kabris, amsa a taƙaice ita ce kayan suna da kyau amma maganar da mai sayarwa ya rubuta wai ɗaurawa kawai za ka yi ka kama hanya ba gaskiya ba ce sam.

Motar daga kamfani disk ne a gaba durom a baya, ni kuma ina yawan hawa Ɗa'if ta hanyar Hada, duk wanda ya taɓa gangarowa daga dutsen nan da mota mai nauyi irin wannan ya san yadda burki ke ɗaukar zafi har ka fara jin ƙauri. Shi ya sa na yi odar kit ɗin ta intanet. Ƙarfen faranti (wato disk ɗin) mai kauri, kalifa biyu (abin da ke matse farantin in an taka burki), biraket da notuna duk sun zo cif, a nan ba ni da ƙorafi. Takardar bayani ce dai abin haushi, hoto dishi-dishi, rubutu kaɗan.

Aka ɗaura a wata warsha, wato garejin gyaran mota, a sina'iyya, unguwar masu gyare-gyare, ina taka burki sai ƙafata ta tafi kusan ƙasa, laushi kamar ka taka katifa. In na yi famfo sau biyu sai ya ɗan yi tauri, in na saki na jima ya koma yadda yake. Yaran warshar suka ce iska ce, suka yi ta bilidin, wato fitar da iska daga man burki, tun daga tayar baya ta dama har zuwa ta gaban direba, mai yana fita tas babu kumfa amma ba abin da ya canza, har suka fara cewa masta, wato famfon da ke tura man burki zuwa tayoyi, ita ce ta mutu in sayo sabuwa.

Wani dattijo bakanike ɗan ƙasarmu da ya daɗe yana gyaran motocin Amurka shi ya warware matsalar. Abu na farko da ya yi, ya ce in taka in riƙe. Burkin bai ci gaba da nutsewa ba, ya ce to masta lafiyarta ƙalau, da tana yoyo ta ciki da a hankali ƙafar za ta riƙa sauka. Sai ya matse tiyon da ke kai mai baya, nan take burki ya yi tauri, ya ce “Alhaji ciwon a baya yake, bar masta ta huta.”

Da ya leƙa sai ga shi an musanya kalifa, ta hagu tana dama ta dama tana hagu, ɗan notin fitar da iska ya koma ƙasa. Iska kuwa sama take taruwa, ko galan nawa na mai ka zuba ba za ta fita ta ƙasa ba. Kuma babu wata alama a jikin kalifofin da ke nuna wacce ta wane gefe ce, wannan laifin masu kit ɗin ne kai tsaye.

Matsala ta biyu ta fi ɓoyuwa. Irin wannan kalifa mai haɗe da burkin hannu, fistin ɗinta da jan burkin hannu yake matsowa kusa da faranti, in ba a saita shi ba akwai tazara tsakanin fad (ɓangaren da ke gogar faranti ya tsayar da taya) da faranti, takun farko duk a cike tazarar yake ƙarewa. Baba ya zauna ya yi ta jan ɗan hannun da ke bayan kalifar har fad ya zauna daidai, ya kuma ja min kunne in riƙa amfani da burkin hannu kullum, mu masu otomatik mun saba mu sa P mu fice abinmu, to a haka saitin ke lalacewa.

Tunda an riga an buɗe na canza tsofaffin tiyon roba, don in sun tsufa kumbura suke yi idan mai ya matsa, muka zuba man burki DOT 4 wanda sai 230 digiri Celsius yake tafasa in sabo ne, DOT 3 kuwa 205. Kar wani ya ga DOT 5 ya ɗauka gaba yake da su, na silikon ne ba ya haɗuwa da su. Bawul ɗin raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ma mun sa na disk huɗu, kuma ba ya cikin kit ɗin, kuɗinsa daban.

Yanzu burki na kamawa tun daga sama, na gangaro Hada bai yi laushi ba, fahas ma, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, ta wuce lafiya. In Kabris ɗinka cikin gari kawai take yawo, gaskiya gyara durom ɗinka ka riƙe riyalolinka. In kuma ka dage, ka tanadi kuɗin bawul da tiyo, kuma kafin a zuba mai ka duƙa da kanka ka tabbatar notin iskan nan yana sama.