Bitar jirgin Katsina zuwa Abuja: awa ɗaya a sama, uku a ƙasa

Tazarar da ke tsakanin Katsina da Abuja ta sama ba ta wuce kilomita 450 ba, kuma jirgin da na hau a makon jiya daga filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'adua ya cinye ta cikin kimanin awa ɗaya. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Funtuwa, Zariya da Kaduna a mota, tafiyar da ta haura kilomita 500 kuma take cinye wuni guda, ya san cewa wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai awa ɗayar nan ta cikin iska ce kawai. An rubuta mana tashi ƙarfe 11 na safe, amma hazon hunturu ya rufe gari, muka zauna zugum har bayan azahar ba tare da wani ma'aikacin kamfanin ya fito ya yi mana bayani ba, kuma wannan shirun ya fi jinkirin ciwo. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ƙare carbinsa ya sake, yana duban agogo.

A cikin jirgin kuwa ban ga abin kushewa ba: kujeru tsaf, ma'aikata masu fara'a, ga ruwa da ɗan biskit. Kafin in gama shan ruwan har an fara sanar da sauka.

Mai ganawa a Abuja ya tuna cewa daga filin Nnamdi Azikiwe zuwa tsakiyar birni akwai kusan kilomita 40, don haka a lokacin hunturu gara ya tashi tun ana gobe.