Manhajar Windows a kan Linux ko Mac: wace hanya ce ta dace da kwamfutarka?

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, masu tsofaffin kwamfutoci suka shiga neman mafita. Windows 11 ba ta karɓar kowace na'ura: tana son TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta, a ɓangaren ƙwaƙwalwar kwamfuta (processor) ta Intel kuma daga ƙarni na takwas zuwa sama. Kwamfutocin hannu da yawa da ke kasuwanninmu ba su kai nan ba, shi ya sa wasu suka koma Linux Mint ko Ubuntu, nau'o'in Linux, babbar manhajar da ke maye gurbin Windows. Kwana biyu ana jin daɗi, sai ranar da aka kawo aikin katin biki aka nemi CorelDRAW, ko aka tashi buɗe manhajar lissafin shago wadda ba ta san kowa ba sai Windows.

Kafin ka kashe ko sisi, ɗauki takarda ka rubuta abu uku: sunan manhajar da lambar sigarta, ko tana aiki da wata na'ura da ake jonawa ta USB, da kuma yawan RAM ɗin kwamfutarka. Waɗannan ne za su yi maka zaɓin, ba tallar kowa ba.

Hanyoyin uku ne. Mu fara da Wine, don shi ne kyauta kuma shi ne mafi sauƙin nauyi. Tafinta ne: manhajar Windows ta yi magana, shi kuma ya juya wa Linux abin da take nufi nan take. Babu Windows a ciki ko kaɗan, saboda haka ba ka buƙatar lasisi, kuma kwamfuta mai RAM gigabait 4 ma tana ɗaukarsa. An fara shi a 1993, bai kai siga ta 1.0 ba sai 2008. Wannan shekara goma sha biyar ta isa ta nuna maka wahalar aikin, domin kowace ƙofa da manhaja ke ƙwanƙwasawa a Windows sai an sake gina irinta da hannu. Wasu ƙofofin har yau ba a gama su ba.

Don haka kada ka yi ta gwaji a makance. Shafin WineHQ yana da rumbun da masu amfani ke ba kowace manhaja daraja, daga Platinum, Gold, Silver, Bronze har Garbage, wato shara. Ka duba lambar sigar da kyau, domin tsohuwar siga kan yi aiki sumul sabuwarta kuma ta ƙi ko buɗewa. A abin da na lura, ƙananan tsofaffin manhajoji sun fi jituwa da Wine. Sababbin kayan Adobe da Office na zamani kuwa ciwon kai ne. Idan baƙin allon rubuta umarni yana ba ka tsoro, Bottles na saka wa Wine fuska mai maɓallai, shi ma kyauta. CrossOver na kamfanin CodeWeavers shi ma Wine ne, sai dai an gyara shi an sa masa kuɗi, da gwajin kwana 14. Ka yi amfani da kwanakin nan a kan ainihin aikinka: buɗe fayil, adana, ka buga a firinta. Manhaja ta buɗe daban, ta yi aiki daban.

Inda Wine ke durƙusawa shi ne direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da na'urar da aka jona. Duk manhajar da sai ta saka direbanta na Windows kafin ta ga na'ura, kamar yawancin kayan filashin na masu gyaran waya ko manhajar da ake buɗewa da makullin USB, kada ka ɓata lokacinka.

Masu wasanni sun fi kowa morewa. Valve ta fito da Proton a 2018, a kan Wine aka gina shi, kuma yana cikin Steam, manhajarta ta sayar da wasanni. Amma wasanni irin Valorant da Fortnite ba sa tashi a Linux saboda tsarinsu na kama masu maguɗi.

Hanya ta biyu ita ce kwamfuta a cikin kwamfuta. Za ka saka VirtualBox na Oracle, ko VMware Workstation Pro wanda ya zama kyauta tun 2024, sai ka girka cikakkiyar Windows a cikin taga guda. Tunda Windows ce ta gaske, kusan komai yana aiki, kuma kana iya miƙa mata na'urar USB kai tsaye ta saka direbanta. Abin da na fi so a nan shi ne ɗaukar hoton halin da take ciki: kafin ka saka wata manhaja da ba ka yarda da ita ba, ka adana, in ta ɓata, cikin minti ɗaya ka koma jiya.

Sai dai kyautar tana da kuɗi a ɓoye. Gida ɗaya ne ake ciyar da iyali biyu. Windows 11 kaɗai tana neman RAM gigabait 4 da wurin ajiya gigabait 64. Mai gigabait 4 ya haƙura, mai 8 zai yi amma da ƙyar, 16 ne kwanciyar hankali. In ba SSD gare ka ba, za ka sha jira. Fayil ɗin girka Windows ya haura gigabait 5, ka lissafa kuɗin data, ga lasisi, ga batir da ke zuƙewa da wuri ranar da babu wuta. Idan kuma ta ƙi tashi tun farko, galibi VT-x ne, saitin da ke ba da damar wannan aikin, a kashe cikin BIOS, wato shafin saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta; kunna shi kawai za ka yi.

Ta uku, ka raba faifan gida biyu, kowace babbar manhaja da ɗakinta, ka zaɓi wadda za ka shiga lokacin kunnawa. Ita ce ke ba da cikakken ƙarfin na'ura, kuma ita zan ba mai gyaran waya ko mai aikin bidiyo shawara, muddin kwamfutar na ɗaukar Windows mai samun kulawa. Windows ake fara girkawa, sannan Linux. Ka kwashe fayilolinka tukuna, ka kuma rubuta lambar ceto ta BitLocker, makullin faifai na Windows, in yana kunne. Wani ƙaramin abin haushi: bayan ka fito daga Linux, agogon Windows kan koma baya da awa ɗaya a Najeriya da Nijar, domin Linux na ajiye lokacin Girinwic a agogon na'ura, Windows kuma ta ɗauka lokacin gida ne. Gyaransa layi ɗaya ne, amma wanda bai sani ba sai ya yi ta zargin batirin agogo.

Mai shirin sayen Mac ya kula a nan. Tun fitowar M1, ƙwaƙwalwar da Apple ta ƙera da kanta, a 2020 babu Boot Camp a na'urorin Apple masu irin wannan ƙwaƙwalwa, wato raba faifai da Windows ya ƙare. Abin da ya rage shi ne Parallels, wanda galibi ake biya duk shekara da dala, ko VMware Fusion da UTM na kyauta, kuma dukansu Windows 11 ta ARM, wadda aka yi don ƙwaƙwalwa irin ta M1, ita ce ke gudu da kyau a cikinsu. Tana fassara manhajojin Intel da yawa, amma ba ta karɓar direbobinsu. In abincinka ya rataya a kan wata tsohuwar firinta ko akwatin filashin, tafi da ita wurin mai sayarwa a jona ta a gabanka kafin ka biya.