Sharhi: Tiren ƙananan abinci na idin Pesach daga wani shagon kosha a Landan

Tiren ya ci kuɗinsa, amma ba duk abin da ke kansa ne zai yi wa harshen Bahaushe daɗi ba, kuma akwai roba ɗaya da Musulmi zai tsallake. Aikina kula da wata dattijuwa Bayahudiya a arewacin Landan, wadda iyayenta daga Foland suka zo. Tsufa ya raba ta da murhu, 'ya'yanta kuma kowa na fama da aikinsa, shi ya sa a idin Pesach na Yahudawa na 2025 suka yi odar abubuwan buɗe ciki daga wani shagon kosha, wato mai sayar da abincin da dokar addininsu ta halatta, a unguwar Golders Green. Ni na karɓo, ni na jera a faranti, kuma Kaka, kamar yadda nake kiranta, ta rantse sai na zauna an ci da ni.

Idin na tunawa ne da fitar Bani Isra'ila daga Masar ƙarƙashin Annabi Musa (AS). Kwana bakwai ake yi a Isra'ila, takwas a sauran ƙasashe, kuma duk tsawonsa ba burodi, ba taliya, ba wani abin alkama ko sha'ir da ya kumbura. Matsa ake ci a madadinsu: gari da ruwa kawai, a gasa kafin minti 18 su cika da kwaɓawa. Yahudawan da asalinsu Gabashin Turai ne, irin su Kaka, sun ƙara da barin shinkafa da wake da masara. Hannun mai girki a ɗaure yake ke nan, yawanci daga kifi, ƙwai, albasa, dankali, kaza, sai garin matsa. Da wannan ma'auni na auna shagon.

Hantar kaza ce gwarzuwar tiren. Kafin a taɓa ta da wuƙa sai an gasa ta a kan wuta jinin ya tsiyaye, don jini haramun ne a wurinsu kamar yadda yake a wurinmu. Daga nan a soya albasa a kitsen kaza har ta yi ja, a daddatsa su tare da dafaffen ƙwai. Ta wannan shago ba a markaɗa ta ta zama kunu ba, kana jin ɓarɓashin ƙwan da zaƙin albasar, ga ɗan ƙaurin gashi can ƙasa. Matsa ita kaɗai ba ta da ɗanɗanon komai, bushewa ce zalla, amma da aka shafa mata hantar nan sai ga ta ta zama abinci. Robar da aka rubuta ta mutum shida ce, mutum huɗu suka suɗe ta. Wanda zai yi oda ya ninka.

Sai kifin gefilte, wanda a kansa ne muka raba gari da Kaka. Niƙaƙƙen kifi ne da albasa da ƙwai da garin matsa, a cura, a dafa a romon ƙashin kifi, a ɗora yankan karas a kai, a ci da sanyinsa. Shagon ya kawo iri biyu. Dafaffen salon Foland ne, wato da sukari a ciki, ga romon ya daskare ya yi kamar jeli a gefe. Kifi mai sanyi, mai zaƙi, mai santsi: na kai loma ɗaya, na yi ta maza na haɗiye, ban koma ba. Kaka kuwa ta ce irin na mahaifiyarta ne sak, sirikinta ya ce nasu na Lituweniya barkono ake sa wa, sukari a kifi ɓarna ne, gardamar da na lura sun daɗe suna yi kuma ba mai niyyar sakin nasa. Don haka ba zan ce shagon ya gaza ba, abin da aka nema ya kawo. Soyayyen irin, wanda Yahudawan Ingila suka fi so, shi ne nawa. Bayansa ya yi ƙamas, cikinsa laushi, ba ƙarni, kuma ko da sanyi yana shiga.

Abin da ya ceci kifin duka biyu shi ne kren, wata farar saiwa da ake gurzawa a haɗa da jar saiwar bitrut da ruwan tsami, ta fito ja wur. Yajinta ba ya tsayawa a harshe, hanci yake bi ya haura ka. Na ɗauka duk wanda ya tashi da attaruhu ya wuce tsoron yajin Turai, sai ga ni ina share hawaye jikokin Kaka suna dariya. Na shagon sabo ne, ya fi na kwalba ƙarfi nesa ba kusa ba.

Romon kaza da curin matsa ya zo a robobi biyu daban, kuma dabara ce mai kyau, don curin bai jiƙe ya narke a hanya ba. Kamar manyan ɗanwake suke a ido, sai dai sun fi shi sauƙi a baki. Romon ne gishiri ya yi wa yawa. Wani ɓangaren laifin na ƙa'idar kosha ne, tunda ana jiƙa nama rabin awa, a barbaɗe shi da gishiri na awa ɗaya, sannan a wanke, amma mai girkin da ya san haka ya kamata ya sassauta hannu. Sai da na ƙara ruwan zafi saboda hawan jinin Kaka. Ƙwai da albasa, da kokwamba mai tsami, ba yabo ba fallasa.

Yanzu robar da na ce a tsallake. Haroset haɗin tuffa ne da wolnot (wata ƙwaya mai kama da gyaɗa) da kirfa, launinsa na laka da gangan, don tuna kwaɓin ginin da Fir'auna ya sa kakanninsu yi. A ido ba abin zargi, 'ya'yan itace ne kawai. To amma da jan giyar inabi mai zaƙi ake kwaɓa shi, kuma ɗanye ake ci. Da yawa cikinmu a nan Turai mun saba idan ba a samu halal ba a nemi tambarin kosha, bisa ayar Suratul Ma'ida da ta halatta abincin Ma'abota Littafi, zancen yanka kuwa kowa ya bi malaminsa. Sai dai kosha bai hana giya ba, a daren idin ma kofi huɗu ake sha. Na tambayi mutumin kanta tun a shago, bai ɓoye ba, ya ce akwai, kuma ba su da wanda babu. Gaskiyarsa ta burge ni, takardar da ke jikin robar ce ba ta burge ni ba, rubutun ƙanana ne har sai an kanne ido. 'Yar Kaka ta haɗa mini nawa da ruwan inabi mara bugarwa cikin ɗan lokaci, kuma yara ma shi suka fi wawaso.

Karɓowa ce ta fi ba ni wahala. Idin ya kama da yammacin Asabar 12 ga Afrilu, shagunansu kuma ba sa buɗewa Asabar, don haka kowa ya taru Alhamis da safiyar Juma'a, layi har bakin titi, lokacin da aka ba mu a takardar oda bai yi amfanin komai ba. Murfin kren bai rufu da kyau ba, ya rina mini jaka. Tsada kuma akwai ta, kayan Pesach sun fi na sauran shekara kuɗi saboda sa ido na musamman da hukumar kosha ke yi a kicin.

Na riga na faɗa wa 'yar Kaka abin da za a rubuta a oda ta gaba: hanta roba biyu, soyayyen gefilte, dafaffen kaɗan saboda Kaka, curin matsa ba romo, romon ni zan dafa a tukunyarsu ta idi.