Hoton MRI na gwiwa a Katsina: abin da muka gani

Ga masu tambaya ta ko hoton MRI na gwiwa, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, ya cancanci kuɗinsa, ga yadda ta kasance da muka kai Hajiyarmu daga Daura. Amosanin gaɓɓai ya sa ta koma yin sallah a kan kujera, likitan ƙashi kuma ya ce yana son ganin guringuntsin, domin hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna shi, sai dai ratar da ke tsakanin ƙasusuwa.

Wurin ɗaukar hoton yana da tsafta, ma'aikaciyar ɗakin kuma ta san aikinta. Ta sa Hajiya ta cire awarwaro da 'yan kunne, ta tambaya ko akwai ƙarfe a jikinta ko na'urar bugun zuciya. Hajiya ta nuna haƙorinta na Makka cikin fargaba. "Mama, wannan ba komai, zinariya ce," in ji ta. Aka kafe gwiwar cikin wani abu mai rufi, aka toshe mata kunne, sai ƙara kamar ana sassaƙa turmi har wajen minti 30. Maganaɗisu ne ke aikin, babu tururin da ake tsoro a hoton ƙashi.

Ni malamin dabbobi ne, shi ya sa na ƙura wa allon ido. Tun 1973 masu bincike biyu, Pond da Nuki, suka nuna cewa in aka yanke jijiyar da ke riƙe gwiwar kare, amosani zai biyo baya. A da sai an kashe dabbar kafin a ga guringuntsinta. Da MRI kuwa ana bin kare ɗaya ko zomo ɗaya wata da watanni, a ga guringuntsin ya fara shan ruwa ya kumbura kafin ya zaizaye. A lafiyayyar gwiwar mutum kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne kawai, ba shi da jijiyar jini, shi ya sa in ya cinye da wuya ya dawo. Na Hajiya, ta ɓangaren ciki, ya kusa ƙarewa.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne sakamakon. Takarda ce da Turancin likitoci zalla, babu wanda ya zauna ya yi wa tsohuwa bayani bayan ta biya maƙudan kuɗi, kuma sai da muka sake dawowa daga Daura don karɓa.

Maganin bai canza sosai ba: rage ƙiba, motsa cinya, maganin zafi. Amma likita ya tabbatar tiyata ce a gaba, muka fara tanadi. In likitan ƙashi bai rubuta maka ba, kada ka kai kanka. Yawancin tsofaffi hoton ƙashi a tsaye ya wadatar da su. In kuwa za ka je, ka tambayi ranar fitar sakamako tun kafin ka biya.