Kujerar bahaya mai bokiti bayan aikin sauya gaɓar ƙugu: ta cancanci kuɗinta

Duk iyalin da ke shirin kai dattijonsu aikin sauya gaɓar ƙugu a Yamai, shawarata su sayi wannan kujera tun kafin ranar aiki, ko da za a jinkirta sayen wani abu. Mun yi jinya da ita, kuma cikin kayan da aka tanada babu wanda ya kai ta amfani, har da abin dogarawa mai ƙafa huɗu.

Dalili shi ne tsuguno. Yawancin gidajenmu salga ce ta ƙasa, alhali wanda aka sa wa gaɓar ƙarfe, musamman idan ta baya aka yanka, likita kan hana shi lanƙwasa ƙugu fiye da digiri 90 na tsawon mako 6 zuwa 12, ya hana shi harɗe ƙafafu da juya ƙafa ciki. Kafin naman da aka ɗinke ya kama, tsuguno ɗaya ya isa ya fitar da kan gaɓar daga gurbinsa, sai komawa asibiti cikin azaba.

Irin da nake yabawa ita ce mai firam na ƙarfe, da madafa biyu, da ƙafafu masu ramuka da ake ƙara wa tsawo. A daidaita ta yadda idan Baba ya zauna gwiwarsa za ta kasance ƙasa da ƙugunsa kaɗan, tafin ƙafa kuma a ƙasa daram. Lokacin zama ya miƙa ƙafar da aka yi wa aiki gaba, ya dafa madafan biyu, ya sauka sannu. Da dare a aje ta kusa da gado. Tafiya makewayi cikin duhu ita ke kawo faɗuwa. Tsarki da buta ma yana son lura, don mutum kan manta ya sunkuya ko ya murɗa jiki. A ɗora butar kan abu mai tudu, kuma kada ruwa ya taɓa wurin da aka yanka kafin a cire ɗinki, wajen mako 2 bayan aiki.

Tana da aibu. Ƙafafunta sirara ne, suna nutsewa a yashin tsakar gida ta karkace, don haka sai kan siminti. Robobin ƙafa suna saurin cinyewa, in suka huje kujerar na zamewa a kan tayil mai jiƙa. A riƙa duba su, a kuma tabbatar maɓallin kowace ƙafa ya shiga raminsa sosai. Bokitin ƙarami ne, ga zafin Afrilu da Mayu mai tada wari nan da nan: a zuba ruwa kaɗan a ciki kafin amfani, a wanke da ruwan jabel kowane lokaci. Mai jiki sosai ya tambayi nauyin da take ɗauka kafin ya biya.

Masu walda na kasuwar Katako suna iya ƙera irinta da sauƙin kuɗi, kuma takan yi ƙarfi, amma tsawonta ba ya canzawa, sai an auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwar majinyaci an ƙara santimita kaɗan. Wannan awon ne kuma za a bi wajen gado da kujerar da zai riƙa salla a kai, domin zaman tabarma sai ranar da likita ya yarda.