Zantet ko ditiyofosfet: wanne ya dace da dutsen tagulla mai yawan fairait?

Malam, ka ce dutsenku na tagulla ne, kalkofairait, wato ma'adinin tagulla da ƙarfe da farar wuta, amma fairait, ma'adinin ƙarfe da farar wuta marar tagulla, ta yi masa yawa. Kuna zuba sinadarin zantet ɗin amil a tankin da kuke ware tagulla da kumfa, kumfa na fitowa da nauyi, sai dai tataccen ma'adinin da kuke samu bai kai darajar da mai saye yake nema ba. Kana tambaya ko ku koma ditiyofosfet, da kuma wanne ya fi ƙarfi a cikin biyun.

Zantet ya fi ƙarfi, wannan ba gardama. Sai dai ina zargin ƙarfin nan ne ya kai ku inda kuke.

Zantet da ditiyofosfet dukkansu sinadaran kamu ne. Aikinsu shi ne su manne a jikin ƙwayar ma'adini mai farar wuta, su mayar da ita abar da ba ta son ruwa. Idan an busa iska a cikin tanki, ƙwayar sai ta liƙe wa kumfa ta taso sama, yashi da sauran tarkace su zauna a ƙasa. Kowannensu yana da kai mai kama ma'adini da jela mai korar ruwa. Bambancinsu yana wajen kan: me yake kamawa, me yake bari.

Zantet shi ne tsoho. Cornelius Keller ya samu rajistar amfani da shi a wannan aiki a Amurka a 1925, kuma har yau babu sinadarin kamu da ake zubawa da yawa kamarsa a ma'adanai masu farar wuta. Ana haɗa shi da alkohol, da kabon daisalfaid, da soda mai ƙuna ko takwararta ta fotasiyam. Ba shi da tsada idan aka gwada da 'yan'uwansa, kuma ba shi da zaɓe: tagulla, dalma, nikel, fairait, duk wanda ya samu zai ɗauka. Tsawon jelarsa ne ke nuna halinsa. Na itil yana da kabon 2, na aisofurofil 3, na aisobutil 4, na amil 5. Gwargwadon tsawon jela, gwargwadon ƙarfin kamu da ƙarancin zaɓe. Ka ga ke nan, cikin waɗanda aka saba amfani da su, wanda kuke zubawa shi ne ya fi kowa kwashe-kwashe.

Ditiyofosfet ya biyo bayansa ba da jimawa ba, kamfanin American Cyanamid ya yaɗa shi da sunan Aerofloat. Shi daga fosfaras fentasalfaid da alkohol ake yinsa, kuma galibi a ruwa yake zuwa, ba a ƙwaya ko gari ba. Kamunsa bai kai na zantet ba, yana kuma iya jan lokaci kafin ya ɗauko kaya. Amma yana ɗaukar kalkofairait ya kau da kai daga mafi yawan fairait, yana kuma kama zinare da azurfa da kyau.

Dalilin wannan bambanci ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. A jikin fairait, zantet ba ya zama yadda ya zo. Iskar oksijin da ke cikin kwaɓin niƙaƙƙen dutse da ruwa tana sa zantet biyu-biyu su haɗe su zama daizantojin, wani abu mai maiƙo da ke lulluɓe ƙwayar ya sa ta tashi sama babu wahala. Ditiyofosfet ma yana iya yin irin wannan haɗuwar, amma ya fi taurin kai, ba ya yi cikin sauƙi. Shi ya sa fairait ba ta samun lulluɓin da zai ɗaga ta. Ma'adanan tagulla kuwa suna kama shi kai tsaye, saboda tagullar da ke fuskarsu tana ƙulluwa da shi sosai.

Don ka ga abin da fairait take ci muku, ɗauki misali. A ce tan ɗaya na dutse yana da tagulla kashi 1 cikin ɗari, wato kilo 10. Kalkofairait zalla tana da tagulla kusan kashi 34.6 cikin ɗari, saboda haka wannan kilo 10 yana zaune a cikin kilo 29 na ma'adinin. Kun kwato kashi 90, kun sami kilo 26 mai ɗauke da tagulla kilo 9. Idan kilo 10 na fairait da tarkace suka biyo shi, tataccenku yana kashi 25. Idan kilo 25 suka biyo, ya sauko ƙasa da kashi 18. Tagullar ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba, amma kayan da za ku tace, ku busar, ku yi dakonsu zuwa matatar narkarwa sun tashi daga kilo 36 zuwa 51.

Masu zantet suna da maganin wannan tun da daɗewa, wato laim, ƙonanniyar farar ƙasa. Idan aka ɗaga pH, wato ma'aunin asid ɗin ruwa (yana hawa, asid na raguwa), zuwa 10.5 ko 11, a zagayen tsarkakewa, inda ake sake tace tataccen, ma har kusan 12, fuskar fairait takan rufe da tsatsar ƙarfe da kalsiyam, zantet ya kasa samun wurin kamawa. Yana aiki. Amma laim mai yawa yana toshe bututu da ɓawo, yana danne zinaren da ke yawo shi kaɗai, yana kuma rage tashin molibdenait, wani ma'adini mai daraja, idan dutsen na da shi. A nan ne ditiyofosfet yake cin riba: sau da yawa yana ba da zaɓe iri ɗaya a pH da bai kai wancan ba, sai laim ɗin da ake zubawa ya ragu. Idan za ka yi lissafin kuɗi, kada ka tsaya a kan kilo da kilo na sinadaran biyu. Haɗa da laim, da dakon tatacce, da zinaren da ke bin ragowa, wato tarkacen da ake zubarwa.

Wajen kumfa ma ba ɗaya suke ba. Zantet ba ya kumfa da kansa, sai abin da sinadaran kumfa, irin su MIBC ko man fayin ko foliglaikol, suka tayar. Ditiyofosfet kuwa yana da nasa kumfan. Wanda ya sauya sinadarin kamu ya bar na kumfa yadda yake zai ga tanki na ambaliya, kumfa mai ruwa-ruwa na janyo laushin tarkace, sai ya ce sabon sinadarin bai yi ba, alhali shi ne bai rage na kumfan ba.

Ajiya kuma, zantet ya fi ban tsoro. Danshi da zafi suna ruguza shi, haka ma ruwa mai asid, ya saki kabon daisalfaid. Wannan guba ne ga jijiyoyi, kuma yana kama wuta da kansa a zafin da bai kai na tafasar ruwa ba, wajen digiri 90. Don haka ake lissafa busasshen zantet cikin kayan da ke iya tayar da wuta da kansu. Narkakken da ya kwana biyu a tanki ma ƙarfinsa ya ragu, ka yi ta ƙara awo ba ka san dalili ba. Ditiyofosfet ya fi juriya a ajiya da kuma a pH na ƙasa, amma ba ruwan wanka ba ne: yana ƙona fata da ido, idan kuma ya gamu da asid mai ƙarfi yana iya sakin haidurojin salfaid, iskar da ke kisa cikin ɗan lokaci. Dukkansu biyun suna cutar da kifi idan ruwan ragowa ya tsere zuwa rafi.

Akwai na uku da ba ka ambata ba, tayonokabamet, wanda aka fi sani da lambar Z-200 ta kamfanin Dow. Wajen ware tagulla daga fairait ya fi biyun nan. Mai maiƙo ne, ba ya narkewa a ruwa sosai, don haka akan zuba shi tun a injin niƙa. Ya fi tsada, amma kaɗan ake sa wa.

Da ni ne a wurinka, ba zan jefar da zantet gaba ɗaya ba. Zan sa ditiyofosfet ko tayonokabamet a zagayen farko, inda ƙwayoyin tagulla masu tsabta suke tashi da kansu, in ajiye zantet kaɗan don zagayen kala, inda ake farautar manyan ƙwayoyi da waɗanda tagullarsu ke manne da wani dutse. Waɗannan sai mai ƙarfi. Haɗa su ba sabon abu ba ne. Masana'antun falatinam na Afirka ta Kudu sun daɗe suna gwama zantet ɗin aisobutil da ditiyofosfet. Kafin ma a kai nan, gwada sauka daga amil zuwa aisofurofil, ka kuma raba awon zuwa wurare biyu ko uku maimakon a juye shi duka a bakin tankin farko. Wani lokaci wannan kaɗai ya isa.

Abu biyu za su iya rushe duk wannan shawarar. Na farko, idan zinarenku yana ɓoye a cikin fairait ɗin ne, to danne ta asara ce, zantet ɗin amil ne abokinku, sai dai a sake tsarin zagayen. Na biyu, idan dutsen na da kalkosait ko kobelait, wasu ma'adanan tagulla, ko tagullar da ta fara tsatsa, narkakkiyar tagulla za ta hau fuskar fairait tun a injin niƙa, ta mayar da ita kamar ma'adinin tagulla. A wannan halin ditiyofosfet ma zai ɗauke ta, sai an nemi mai dannewa irin sodiyam metabaisalfait. Idan kuwa fairait da kalkofairait suna manne a ƙwaya ɗaya, babu sinadarin da zai raba su, sai an sake niƙa tataccen zagayen farko.

Saboda haka ka fara aika samfurin tataccenku a duba shi a madubin ƙara girma, a ga fairait ɗin da ke ciki a sake take ko a manne. Sannan a yi gwajin ɗakin bincike da niƙa iri ɗaya, da ruwan da kuke juyawa a masana'anta ba ruwan famfo ba, ana kwasar kumfa a minti 1, 3, 6 da 10, a pH uku daban-daban ga kowane sinadari. Idan sakamakon ya fito, turo awon tagulla, ƙarfe da zinare na kowace kwasa mu duba tare.