Gwanjon eBay Ga Mai Sayarwa: Inda Yake Biya da Inda Yake Cin Mai Kaya

Duk wanda zai saka kaya a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, sai ya zaɓi ɗaya cikin biyu: gwanjo ko tsayayyen farashi. Sababbin shiga sukan ruga wa gwanjo, domin da shi aka san kamfanin tun da Pierre Omidyar ya kafa shi a Kalifoniya a 1995 da sunan AuctionWeb. Yau kuwa mafi yawan cinikin da ake yi a can na tsayayyen farashi ne. Bayan amfani da hanyoyin biyu, ra'ayina shi ne gwanjo yana da daɗi ƙwarai ga wasu kaya ƙalilan, ga sauran kuma asara ce mai kaya yake jawo wa kansa da hannunsa. Bayanin nan ya fi shafar 'yan'uwa mazauna Amurka da Ingila, kuma alƙaluman na shafin Amurka ne sai inda na faɗi akasin haka.

Dole mai kaya ya fara gane yadda ake yin tayi, don a nan riba da faɗuwa suke. Mai saye yana rubuta iyakar abin da zai iya biya ne, eBay ya ɓoye wannan adadi, ya riƙa taya masa kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da zai sa ya ci gaba da zama a gaba. Ƙarin yana da ma'auni: daga dala 5 zuwa ƙasa da 25 rabin dala ne, daga 25 zuwa ƙasa da 100 dala ɗaya, daga 100 zuwa ƙasa da 250 dala biyu da rabi. A ce ka saka kyamara ka buɗe da dala 20. Wani ya rubuta iyakarsa 150, wani ya rubuta 60. Kyamarar za ta tafi a dala 61, ba za ka taɓa sanin na farkon ya shirya biyan 150 ba. Da an samu na uku da ya rubuta 140, da ta tashi a 142.50. Idan kuwa mutum ɗaya ne kaɗai ya taya, a dala 20 zai ɗauke ta.

Ashe farashinka a hannun na biyu yake, ba a hannun wanda ya ci gwanjon ba. Tambayar da ta kamata ka yi wa kanka kafin ka danna komai ita ce: shin akwai aƙalla mutum biyu masu tsananin son wannan kaya da za su gan shi cikin 'yan kwanakin da gwanjon zai yi? A kara dillali yana zagawa ya jawo masu saye, kuma idan tayi bai yi ba mai dabba ya ce albarka, ya koma da abarsa gida. A nan babu mai zagawa dominka, kuma da zarar lokaci ya cika an sallama ke nan, ko ranka yana so ko ba ya so.

Amsar wannan tambaya tana cikin shafin kansa. Rubuta sunan kayan a wurin bincike, sannan ka zaɓi a nuna maka waɗanda aka riga aka sayar. Zai kawo maka cinikin kwanaki 90 da suka wuce, da farashi, da ko gwanjo ne, da yawan tayin da aka yi. Kada ka kula da abin da masu kaya suke nema a tallan da ke buɗe, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Idan ka ga irin kayanka suna ƙarewa da tayi goma sha wani abu daga mutane daban-daban, kuma farashin yana kusa da juna, gwanjo zai karɓe ka. Idan ka ga tayi ɗaya ɗaya, ko da yawa sun ƙare babu mai taya, saka tsayayyen farashi ka buɗe ƙofar tayi ta Best Offer, inda mai saye zai iya taya maka ƙasa da farashin ka karɓa ko ka ƙi, ka jira mai rabo.

Kayan da gwanjo yake yi wa kyau iri biyu ne. Akwai waɗanda kowa yake nema a lokacin, kamar wayar iPhone da ba ta tsufa ba ko na'urar wasan yara da ake yayi, inda masu saye suke da yawa har ba a rasa masu ja. Akwai kuma kayan da ba kasafai ake samu ba, waɗanda kai kanka ba ka san iyakar kuɗinsu ba: tsofaffin sulalla, kan sarki na da, agogon da aka daina ƙerawa, tsohon ruwan tabarau na kyamara. A irin waɗannan, idan masu tarawa biyu suka haɗu, sai su kai kayan inda ba ka yi tsammani ba. Amma sutura ta yau da kullum, da kayan kicin, da wayar caji, da littattafan karatu, da kayan gyaran mota da sai mai irin motar ne zai nema, duk waɗannan gwanjo zaluntarsu yake yi. Mai neman fitilar wata mota takamaimai yau yake so, ba zai zauna jiran mako guda ba, kuma da wuya a samu irinsa biyu a mako ɗaya.

Akwai shawarwari biyu da masu sayarwa suke yawan ba juna. Ta farko, wai a buɗe da santi 99 don a jawo jama'a. Tana aiki a kan kayan da ake rububi, domin ƙaramin farashi yana tara masu sa ido da wuri. A kan kayan da ba su da jama'a kuwa, ita ce hanya mafi sauri ta yin kyauta da dukiya. Na fi ganin a buɗe da mafi ƙarancin abin da mutum zai karɓa zuciyarsa ba ta sosu ba. Akwai tsarin ɓoyayyen farashi wanda idan ba a kai shi ba ba a sallama ba, amma kuɗinsa dala 5 ne ko kashi 7.5 cikin 100 na adadin da ka sa, duk wanda ya fi yawa, kuma ana cire shi ko an sayar ko ba a sayar ba. Wato dala 15 ke nan a kan ɓoyayyen farashi na 200. Masu saye ma ba sa sonsa, da sun ga an rubuta ba a kai ba sai su wuce. Ban ga amfaninsa ba sai a kaya masu tsada sosai.

Ta biyu, wai gwanjo ya ƙare ranar Lahadi da daddare. Tushen maganar gaskiya ne. A yawancin gwanjon eBay lokaci ba ya ƙaruwa don an yi tayi a ƙarshe, shi ya sa gwanaye suke ɓoyewa sai saura daƙiƙa kaɗan su jefa nasu, kuma sau da yawa a mintin ƙarshe farashi yake tashi. Abin lura shi ne gwanjo yana ƙarewa daidai agogon da ya fara. Wanda ya saka kaya ƙarfe uku na dare saboda ya taso daga aikin dare, ƙarfe uku na dare zai ƙare, masu saye suna barci. Akwai wurin tsara ranar farawa da lokacinta, a yi amfani da shi, a kuma tuna tazarar awa uku da ke tsakanin gabashi da yammacin Amurka. Tsawon gwanjo kwana 1 ne, ko 3, ko 5, ko 7, ko 10. Bakwai ya fi dacewa da yawancin kaya domin ya haɗa da ƙarshen mako.

Sai batun la'ada, wadda take ba sababbi mamaki. A 2025 ta kai kashi 13.6 cikin 100 a yawancin rukunan kaya, da ƙarin santi 40 a kan kowane cinikin da ya wuce dala 10. Ba a kan kuɗin kaya kaɗai ake lissafa ta ba, har da kuɗin aikawa da harajin da mai saye ya biya. Kaya ya tashi a dala 200, aikawa 15, haraji a ce kashi 8, jimla 232.20, la'ada kusan dala 32. Ka biya gidan waya 15, abin da ya rage maka 168, ba a cire kwali da salatif ba. A Ingila kuwa tun Oktoban 2024 aka ɗauke wa masu sayarwa da ba 'yan kasuwa ba wannan la'ada a yawancin kaya, sai a 2025 aka ɗora wa mai saye wani kuɗi a kan farashin. Ka auna kayan a cikin kwalinsa tun kafin ka saka talla. Ƙiyasin nauyi da ido yana cinye ribar ƙananan kaya gaba ɗaya.

Abin da ya fi ɓata rai a gwanjo shi ne wanda ya ci ya ƙi biya. Yana da kwana huɗu. Bayan haka kana iya soke cinikin da dalilin cewa bai biya ba, a rubuta masa laifin, ba za a ci la'ada a kanka ba. Ka zaɓi wannan dalilin daidai, domin idan ka soke da cewa kaya ba ya hannu, kai za a rubuta wa laifi, kuma idan irin wannan ya taru matsayinka zai sauka a ƙara maka la'ada. Daga nan kana iya miƙa wa na biyu ta Second Chance Offer a kan tayinsa na ƙarshe, sai dai sau da yawa ya riga ya saya a wani wuri. Tun 2008 mai kaya ba shi da ikon rubuta wa mai saye mummunar shaida, wato bayanin da ake rubuta wa juna a shafin bayan ciniki, don haka kariyar da ta rage tana cikin saitin asusunka: toshe masu tarihin ƙin biya. Wannan ɓangare ne da nake ganin har yanzu tsarin ya fi tausaya wa mai saye.

Wata jarrabawar ita ce ka ga farashi ya tsaya ƙasa, zuciya ta raya maka ka sa ƙani ko aboki ya taya don ya ɗaga. Dokar eBay ta hana, ana dakatar da asusu a kansa, kuma a wasu ƙasashe magana ce ta kotu. Ga Musulmi ma tun kafin a zo nan, wannan shi ne najash da Manzon Allah (SAW) ya hana: mutum ya ƙara kuɗin kaya ba da niyyar saye ba, sai don ya ruɗi wani. Janye kayan ma ba sauƙi: idan saura ƙasa da awa 12 kuma akwai tayi, ba a soke gwanjo, sai dai a sallama wa wanda tayinsa ya fi yawa.

Bayan an biya ma ciniki bai ƙare ba. Mai saye yana da kwana 30 daga isar kaya ya ce bai same shi yadda aka bayyana ba, kuma rubuta cewa ba ka karɓar mayarwa ba zai tsare ka daga wannan ba. Kwana uku na aiki gare ka ka amsa, in ka yi shiru a shigo a yanke hukunci, galibi a kanka. Maganin abin tun a talla yake. Ana ba da hoto har 24 kyauta, ka ɗauki kowane ƙarzuwa da tsagewa a haske, ka faɗe su a rubuce, ka ɗauki lambar jikin na'ura ka ajiye. Waya kuma a cire asusun iCloud ko na Google, a goge ta tas kafin ta shiga kwali. Aika da lambar bin sawu, zuwa adireshin da ke jikin odar kaɗai, kuma cinikin da ya kai dala 750 sai da sa hannun mai karɓa kafin kariyar mai kaya ta hau. Duk wanda ya nemi lambar wayarka ko imel don ku ƙarasa a waje, ko aka turo maka saƙo wai an biya alhali shafin bai nuna ba, kada kaya ya bar hannunka.

Sabon asusu yana zuwa da iyaka, yawanci kaya 10 ko dala 500 a wata, kuma akan riƙe kuɗin cinikin farko-farko na wasu kwanaki har a tabbatar kaya ya isa. Masu saye ma sukan ja baya daga kaya mai tsada a hannun wanda ba shi da shaida ko ɗaya, abin da ke rage masu taya daidai inda ake bukatarsu. Saboda haka agogo ko kyamarar da kake ji da ita ta dakata tukuna. Fara da ƙananan kaya biyar ko shida a tsayayyen farashi, ka aika kowanne cikin kwana ɗaya ko biyu, shaida ta taru, sannan ka nemi a ɗaga maka iyakar daga shafin asusunka.